Uban Nazifi Yana Cikin Rijiya

To, jama'ar gindin dalbejiya, kun ci ni da tambaya. Tun da na dawo ba ni da sakat. A masallaci, "Malam yaya Nijar?" Wajen mai shayi, "Malam wai da gaske an kama ka?" Kullum in na maimaita sai labarin ya ƙara tsawo da kansa, har na fara jin tsoron wata rana zan wayi gari ina cewa na kai Agadas a kan raƙumi. Saboda haka ga shi nan a rubuce, kowa ya huta. Wanda bai iya karatu ba ya ba ɗansa ya karanta masa. In ɗan a makarantarmu yake, to, Allah Ya ba da sa'a.

Don wanda bai san ni ba: ni nake koyar da labarin ƙasa a sakandaren je-ka-ka-dawo ta nan yankinmu na Makoda. Kafin alli ya kama ni na yi karen mota, na sha ruwan garuruwa da dama, shi ya sa aka ce ai na san mutane, aka ɗora mini aikin sanar da iyaye duk abin da ya taso. Aikin ba shi da suna, ba shi da alawus, sai baƙin jini.

Kun san yadda abin yake. In muka ba yaro takarda ya kai gida, washegari sai in sayi ƙosai in ga sa hannuna ya sha mai. Muka buɗe gurup a waya. Da masara ta yi tashin gwauron zabi yawancin iyayen suka sayar da manyan wayoyinsu, waɗanda suka rage kuwa ba abin da suke turowa sai barka da Juma'a da sanarwar rasuwa, sai wani Alhaji mai tallan taki. Muka koma wajen liman ya riƙa faɗa bayan sallar Juma'a. Kafin ya ce "sanarwa daga makaranta" kowa ya duƙa yana neman takalminsa. Dabara ɗaya ce ta rage mana, ta kakanni: a kori yaro, a ce je ka zo da ubanka.

To ashe yaran sun riga mu wayewa. Akwai Ɗanladi mai faci a bakin tasha. Tun da mai ya yi tsada motoci suka ragu, taya ta daina fashewa, sai bawan Allah ya koma sana'ar uba. Yana da babbar riga ta musamman a rataye a bayan injin iska. In an kori yaro sai su daidaita, ya zura riga, ya shigo ofis da salati, ya ɗauke yaro da mari, ya ce, "Ɗana, ka kashe ni! Ni za ka tona wa asiri?" Har hawaye yake yi. Firinsifal ɗinmu, Malam Tijjani, sabon zuwa ne daga birni, bai san fuskokin mutane ba, kullum shi ne ma yake ba da haƙuri: "Ya isa haka, Alhaji, kar ka ji masa ciwo."

Ranar da dubu ta cika, tayar babur ɗin Malam Tijjani ce ta sace. Ya turo shi har bakin tasha, ya tarar da uban rabin 'yan aji shida a tsugune cikin gajeren wando yana laluben ƙusa a cikin ruwa.

Ya ce, "Alhaji, kai ne?"

Ɗanladi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai haihuwa ba ta hana sana'a."

Washegari aka tara duk 'ya'yan Ɗanladi a asambuli. Malam Tijjani ya rantse, ya kuma rantsewa: uba na gaske, wanda ya yanka rago, ko kuwa yaro ya zauna a gida. Iyaye suka yi ta zuwa, aka sha duka na gaskiya. Saura mutum ɗaya, Nazifi.

Nazifi ɗan ajin ƙarshe ne. Ba shi ne na ɗaya ba, amma shi ne irin yaron da zai biyo ka har wajen babur da tambaya. Laifinsa na farko shi ne duk ranar kasuwa ba ya zuwa, yana can yana tura baro. Na biyu shi ne Ɗanladi. Ubansa, Malam Sale, mai haƙar rijiya ne, tun bayan kaka ya ƙetare Nijar saboda kuɗin can ya fi namu auki. Lambarsa ba ta shiga. Uwar ta turo baffan yaron, Malam Tijjani ya ce, "Na ƙoshi da baffanni." Ga shi ranar Litinin masu ɗaukar hoto da zanen yatsa na jarrabawar fita za su zo. Wanda ba a ɗauka ba sai baɗi. Ku kuma kun san gidan da ake tura baro, baɗinsu ba ta zuwa.

Na je na yi wa Malam Tijjani magana a hankali. Ya ce, "Na rantse, Malam. So kake in yi kaffara? Ai kai ne ka san duniya. Je ka ɗauko shi." Na ce guzuri fa? Ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a mai tsawo. Malamai ne suka ji kunya suka yi karo-karo. Na biya gidan su Nazifi, uwar ta gaya mini daga bayan ƙyaure cewa wani ƙauye ne gaba da Magarya, in na je in tambaya.

A tashar Dambatta na faɗa hannun tsohon ɗalibina, yanzu shi ne kwandasta. Da ya gan ni ya washe baki, "Malam! Ka tuna ni? Ni ne ka ce kaina kamar Sahara, faɗi ba amfani." Na ce Allah Sarki, ai ƙuruciya ce, tawa da taka. Ya ce wallahi sai gidan gaba, girmamawa. Gidan gaban nan mu huɗu ne har da direba, ni aka ɗora a kan giya. Duk sanda za a canza sai direba ya ce, "Malam, ɗaga." Har yanzu ban tabbata girmamawa ce ko ramuwa ba.

Direban kuma yana da dabarar tsimin mai: in ya ga gangara sai ya kashe mota. Matsalar ita ce hanyar nan shimfiɗe take kamar faranti, gangarar a zuciyarsa take. Sai mu ji shiru, mota ta yi ta rarrafe har ta tsaya, a ce maza su fito a tura. Ni ba na fita, saboda in na fita sai an kwance rabin mota.

Wata dattijuwa a bayana ta ji ana ce mini Malam, ta taɓo ni da bakin lema.

"Kai malamin boko ne?"

"Ni ne, Inna."

"Yauwa. Dama ina neman ɗayanku. Tsintsiyar nan da kuke sa yara su kawo duk zango, ina kuke kai ta?"

Na ce shara ake yi.

Ta ce, "Jikokina sun kai tsintsiyar da za ta share Kano da kewaye. Na je makarantar, bola har gwiwa. Ku faɗi gaskiya, matanku kuke kai wa."

Motar nan kaf aka goyi bayanta. Wani ya ce su fartanya aka karɓa, wani ya ce su bokiti. Na zama wakilin ma'aikatar ilimi ba shiri, a kan giya, ba hanyar gudu. Da za ta sauka ta miƙo mini gyaɗa dafaffiya ta ce, "Ungo, na ga alamar ba a biyan ku."

Daga Ɓaɓura aka ce mota ba ta wucewa, boda a rufe take. Ina tsaye ina jimami sai wani ɗan acaɓa ya matso ya ce, "Baba, boda a rufe take, amma gonar babana a buɗe take. Hau." Muka kutsa cikin gonaki, kara yana zane mini ƙafa. Ni kuwa shekara da shekaru ina zana layin bodar nan a allo da jan alli, na ce yau sai na gan shi da idona. Na ce, "Samari, in mun zo kan iyakar ka tsaya in duba." Ya ce, "Wacce? Ai mun wuce ta tun wajen akuyar can." Na waiga. Akuya ce kawai tana cin harawa, ba ta san ma aikin da aka ba ta ba.

Gaba kaɗan muka tarar da jandarma, wato jami'in tsaronsu na can, a gindin bishiya, dogo siriri, kakinsa a goge kamar yau za a ɗaura masa aure. Ya ce in ba shi katin shaida. Na ba shi na makaranta. Ya juya shi ya ce, "A'a, kai mushe ne?" Na ce subhanallahi, da raina da lafiyata. Ɗan acaɓa ya raɗa mini cewa haka suke ce wa malamin makaranta a can. Na ce to, in an duba albashin, ba su yi ƙarya ba.

Ya ce me ya kawo ni. Na ce uban wani na zo ɗauka. Ya ce in sake faɗa. Na ba shi labarin Ɗanladi tun daga farko. Mutumin nan ya riƙe ciki, ya ƙwala wa abokin aikinsa kira ya zo ya ji, aka sa na maimaita har da marin. Wannan shi ne kamun da kuka ji an ce an yi mini. Da suka gama share hawaye ya ce, "Ku 'yan Najeriya, walla babu abin da ba ku haya. Tahi, mushe, Allah Shi kiyaye." Shi ne ma ya ce in na isa in nemi daraktan lakwal na wani ƙauye, wato shugaban makarantarsu, sunansa Lawali, ba wanda bai sani ba a yankin.

Na shiga Magarya da tsakar rana na tarar gari ya mutu. Kanti a rufe, ofis a rufe. Na ce rasuwa aka yi? Aka ce a'a, hutun rana ne, sai la'asar. Ku ji fa. Mu nan in an yi barci a ofis ɓoyewa ake yi, su kuwa hukuma ce ta sa hannu. Na sami mai shayi guda da bai kwanta ba. Na nuna masa nairata, ya dube ta kamar na miƙo masa ganyen ɗorawa, da ƙyar ya karɓa don tausayi. Ya ba ni burodi dogo kamar sandar makiyayi, da tauri kamar ita. Shayin kuma a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na miƙe, ya ce ina za ni, ai saura na biyu da na uku, ba a tashi a na fari. Na zauna. Mutanen nan ba su da sauri, shi ya sa ba su da hawan jini.

Da yamma na isa wajen Mushe Lawali a bayan wata a-kori-kura, ni da buhunan gawayi. Gajere ne mai fara'a, ya karɓe ni kamar tare muka yi makaranta. Matarsa ta kawo dambu da zogale ya sha ƙuli, da fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Ya sauke ni a zaurensa, inda ya ce ba kowa sai ni. Bai lissafa da zabinsa ba, waɗanda ashe nan ne ɗakinsu, kuma ba su yarda da baƙo ba.

Malami in ya haɗu da malami ai sai kukan sana'a. Na ba shi labarin takarda da ƙosai da gurup. Ya ce, "Takarda? Wa zai karanta? Ni mai niƙa nake gaya wa."

Na ce mai niƙa?

Ya ce, "Wane gida ne ba ya kai niƙa? In na hwaɗa mishi da sahe, kahin magariba ko kurma ya ji. Ba kati, ba caji."

Na ce wannan ai ilimi ne, sai na kai shi gida. Nan take ya ja ni muka je wajen injin don a nemo mana Malam Sale. Injin yana ta ƙara, mata da yara sun yi layi da ƙore. Mushe Lawali ya kai baki kunnen mai niƙa ya yi ihu cewa ga malami takanas daga Kano, daga makarantar ɗan mai haƙar rijiya, yana neman uban. Mai niƙa ya dube ni, ya rage murya ya ce yana ƙauyen gaba, rijiyar masallaci yake haƙa. Sannan ya kama hannuna da hannu biyu, duk ya shafa mini gari, ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Allah Shi ba da lada." Na ce a raina, kai, mutanen nan akwai ladabi.

Da safe muka hau amalanken shanu, ni da Mushe Lawali. Tun daga bakin ƙauyen na ga ana ba mu hanya. Maza suna sunkuyar da kai, mata suna leƙe ta kan danga suna "Allah Sarki." A gindin bishiyar kusa da rijiyar an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun zauna jugum da carbi, mai gari a tsakiya. Na ce wa Mushe Lawali, ko gwamna iyakar tarbar da za a yi masa ke nan. Shi dai na ga yana ta sosa ƙeya.

Mai gari ya ce, "Yana ciki tun da asuba. Ba mu hwaɗa mishi komi ba. Mun ce kai da ka ɗauko nauyin, kai za ka sauke."

Na ce ai ba komai. Na je bakin rijiya na durƙusa na leƙa. Duhu, sai ƙarar diga can ƙasa da ɗan farin hula. Na yi sallama, rijiya ta amsa, sannan mutum ya amsa. Kun san ni, ba na faɗa wa mutum magana gatsau. Na yi ina kwana, na yi ina aiki, na yi ina gajiya, na yi yaya baƙunta. Sannan na sassauta murya na ce, "Malam Sale, daga makarantar Nazifi nake. Sai dai haƙuri."

Diga ta tsaya.

Ina jin ƙasa tana zuba daga gefe. Can murya ta taso, a daidaice, kamar mai tambayar farashin gero: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An kai shi?"

Jama'a, nan kaina ya yi dum. Na waiga na ga tabarmi, na ga carbi, na hango mata sun ɗauko ƙwaryar kunu. Ashe tun daren jiya injin niƙa ya kashe Nazifi. Kuma ba laifinsu ba ne. A wannan marra, da tsadar man nan, wa zai ƙetare boda da ƙafarsa, ya yi doguwar gaisuwa, ya ce sai haƙuri, in ba gawa ya bari a gida ba?

Na zura kai cikin rijiya har hulata ta faɗa, na kwarara ihu: "Yana nan da ransa! Lafiyarsa ƙalau! Korarsa aka yi!"

Sai kuma na ji diga ta ci gaba. Wallahi sai da mutumin nan ya cika guga da ƙasa, ya girgiza igiya aka janye, sannan ya ce a jawo shi. Ya fito da hulata a hannu, siriri, duk jikinsa jar laka. Ya miƙo mini hular. Ya taka zai je wajen dattawa, bai kai ba ya zauna daɓas a kan tulin ƙasa. Ya ce a ba shi ruwa. Rabin ruwan a jikinsa ya ƙare, kowa ya kau da kai aka yi kamar ba a gani ba.

Da ya sha ya ce, "Kora. Don kora ka taso."

Wani tsoho yana naɗe tabarma yana mita: "Ku mutanen Kano ba ku da tausai. Mutum ya bar aikinshi ya zo zaman makoki, a ce wai kora." Kunun dai tunda an dama sai da muka sha, kuma ban taɓa shan kunun sadakar mai rai da ya kai shi daɗi ba. Na ce wa Mushe Lawali dabarar mai niƙan nan, na fasa kai ta gida. Ya ce, "Wani lokaci tana ƙara gishiri."

Na zayyana wa Malam Sale komai, har Litinin da masu hoto. Ya ce ba shi da baffa ne? Na ce an ƙoshi da baffanni. Ya ce rijiyar mutane ta kai ga danshi, in ya bar ta gefen zai iya ruftawa, aikin wata da watanni ya tashi a banza. Ya ce, "Wanda ya yi hayar uba ai ya sami uba. Su ƙarata." Mai gari ne ya sa baki: "Tahi, Sale. Ruwan da ya jira mu tun kakanni, ya jira ka." Ya daɗe yana kallon bakin rijiyar, sannan ya tashi ya wanke ƙafa.

A hanyar dawowa, mu uku a babur ɗaya ta gonar baban wani, ya tambaye ni farashin gero, ya tambayi wa da wa suka rasu a gari, ya tambayi ko an gyara gadar nan. Yaron kuwa ko sau ɗaya. Muka iso ranar Lahadi da yamma, na ce ya kwana da shiri.

Litinin da safe masu hoto sun riga sun tayar da janareto a babban ɗaki, yara sun yi layi. Na shiga da shi ofis. Nazifi yana tsugune a lungu. Malam Tijjani ya gyara tabarau, ya dubi mutumin nan sama da ƙasa: riga koɗaɗɗiya, laka a farce, ba salati, ba mari, ko inda yaron yake bai kalla ba. Tun abin Ɗanladi firinsifal ya tanadi tambayoyin tantance uba.

"Kai ne uban wannan?"

"Haka ake cewa."

"Yaya sunansa?"

Malam Sale ya ɗaga kai yana nazarin silin. Can ya ce, "Ai yana da baki."

"Kai na tambaya. Ajinsa nawa?"

"Ku da kuke tare da shi ai kun fi ni sani."

Malam Tijjani ya juyo gare ni. "Malam, har Nijar ka je ka yi hayar wannan? Ai gara mai facin, shi yana yin bita kafin ya zo."

Gumi ya karyo mini. Na fara rantse-rantse, ya ɗaga mini hannu. Ya ce wa Malam Sale, "To ko roƙo za ka yi masa?"

"A'a. Ku yi masa abin da dokarku ta ce."

"Shi ke nan. Ku fita, ku duka." Firinsifal ya miƙe ya nufi ƙofa. Ina jin janareto yana ci, ina jin ana kiran sunayen yara ɗaya bayan ɗaya. Har ya kama labule sai ya tsaya, kamar don ya ƙure shi, ya ce, "Kai da ka ce uba ne, 'ya'yanka nawa? Lissafo su."

Nan bakin ya buɗe. "Akwai Hassana da Usaini. Akwai Gambo. Akwai Sa'adatu, sai Auta." Ya nuna lungu da haɓa ba tare da ya juya ba. "Sai wancan."

Malam Tijjani ya saki labule. "Shi ne na fari?"

Malam Sale ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata.

Firinsifal ya koma ya zauna a hankali. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Ya ce, "Ni ma ɗan fari ne. Mahaifina har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. 'Kai wannan' nake." Ya mayar da tabarau ya daka wa Nazifi tsawa: "Kai kuma me kake jira? Tashi ka shiga layi kafin mansu ya ƙare! Ka wanke wannan yatsan!"

Yaron ya fita a sunkuye, ta bayan uban, kamar mai wuce kabari.

Na ce wa Malam Sale ya tsaya a gama, su gaisa. Ya ce rijiya tana jira. Na raka shi bakin get. Har mun yi sallama sai ya dawo, ya tuɓe takalmansa, irin na taya ɗin nan masu ƙwari, ya miƙo mini.

Ya ce, "Ka ba wani a ajin nasu. Duk wanda nasa ya tsinke."

Na ce kai fa, da me za ka tafi? Ya ce a cikin rijiya ba a sa takalmi. Ya kama hanyar tasha ƙafa a ƙasa, bai waigo ba. Ni da na yi awa guda a ofis ɗin nan ban lura da ƙafar kowa ba. Shi da yake kallon silin, ban san da wane idon ya gani ba.

Da aka gama hoto na shiga ajin da takalma a hannu. Na ce tunda saƙo aka ba ni bari in isar da shi yadda aka faɗa. Na ɗaga su na ce, "Wa takalminsa ya tsinke?"

Ajin nan kaf aka ɗaga hannu. Wasu har da ɗaga ƙafa don shaida. Mutum ɗaya ne bai ɗaga ba, ya kifa kai a kan benci, tawada a babban yatsa, silifa ɗaure da waya.

Na je na ajiye su a gindin bencinsa, na ce kowa ya buɗe shafin hamada.